Ranar da noti ya daina kamawa: Ƙaramin gyaran da ke riƙe da injinan Tafkin Kainji

Duk makanikin da ya daɗe a sana'a ya san wannan lokacin. Yana cikin ɗaure fulogi ko noti, sifana tana ƙara nauyi a hannunsa, sai kawai ya ji ta saki. Notin yana juyawa, amma ba ya kamawa. Idan ya zaro shi ya duba, zai ga wani siririn farin ƙarfe ya naɗe a jikinsa kamar zare.

Wannan farin ƙarfen shi ne haƙoran da ke cikin ramin, waɗanda makanikai ke kira tiredi. Sun baro jikin injin sun biyo notin. Daga nan, komai ƙarfin da aka sa, ramin ba zai sake riƙe komai ba sai an gyara shi.

A garejin mota a cikin gari, abin da wannan ke jawowa bai wuce ɓata lokaci da cacar baki tsakanin mai mota da makaniki ba. Amma a Wara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, da Yelwa a Yauri, da ƙauyukan bakin kogi na Shanga, yawancin injinan da ake kwancewa ana ɗaurewa kullum ba a kan titi suke aiki ba. Injinan jirgi ne da ke ƙetarar da mutane zuwa kasuwa, sai injinan ban ruwa na gonakin albasa da shinkafa, sai babura da motocin haya.

Mota idan ta mutu, a gefen hanya take tsayawa, fasinja su sauko su nemi inuwa. Jirgi kuwa babu gefen da zai raɓa.

Tafkin da ya sa aka dogara da inji

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, Kogin Neja ya koma wani makeken tafki a wannan yanki. Tsawonsa ya haura kilomita 130, faɗinsa kuma a wasu wurare ya wuce kilomita 20. Dubban mutane aka tayar daga tsibirai da garuruwan bakin kogi, cikinsu har da Gungawa na Masarautar Yauri, aka sake musu matsuguni.

Inda a da mutum zai tuƙa kwale-kwale da hannu ya ƙetare, yanzu tafiya ce mai nisa a kan ruwa mai faɗi. Akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, akwai kuma iskar farkon damina da ke tayar da igiyar ruwa ba tare da sallama ba. Shi ya sa injin da ake rataya wa a bayan jirgi, irin su Yamaha mai ƙarfin doki 40, ya zama jarin masunta da masu jigila.

Mutanen Ngaski ba sa buƙatar a tuna musu haɗarin wannan ruwa. Ranar 26 ga Mayun 2021, wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse kusa da Wara, kuma kimanin mutum 20 ne aka ceto da rai a ranar. Jami'ai sun ɗora alhakin a kan lodi fiye da kima da kuma tsufan jirgin. Ba a ce inji ne ya jawo wannan ba.

Sai dai abin da ya faru ya nuna irin nauyin da jiragen tafkin ke ɗauka: mutane, buhuna, babura, wani lokaci har dabbobi, jirgi ya nutsa har bakinsa ya kusa taɓa ruwa. Jirgi mai irin wannan lodi, injinsa ne ke ba direba damar fuskantar igiyar ruwa da goshi. Da zarar injin ya mutu, iska takan juya jirgin ta ba shi gefe, ruwa ya fara shiga.

Injin doki 40 na irin waɗannan jirage silinda biyu gare shi, kowace da fulogi ɗaya. Idan yana cikin gudu sosai, yana juyawa kusan sau 5,000 a minti ɗaya, kuma a kowane juyi wuta na tashi a ƙarƙashin kowane fulogi. Wato fulogin na shan bugu fiye da sau 80 a daƙiƙa guda. Abin da ke riƙe da shi kuwa 'yan haƙora ne da ba su wuce goma ba, a cikin ƙarfe mai laushi.

Idan haƙoran suka gaza, fulogin kan yi tsalle ya fita da ƙara kamar an harba bindiga, silinda ɗaya ta mutu nan take.

Me ke cinye haƙoran?

Tushen matsalar shi ne haɗuwar ƙarafa biyu da ƙarfinsu bai zo ɗaya ba. Noti da fulogi baƙin ƙarfe ne mai tauri. Kan injin, wanda makanikai ke kira tof silinda, galibi alminiyum ne, dangin sanholon da ake tukunya da shi. Masu ƙera inji sun zaɓe shi ne saboda ba shi da nauyi kuma yana saurin fitar da zafi. Amma duk lokacin da aka yi ja-in-ja tsakaninsa da noti, shi ne ke shan kashi.

Kuma haƙoran ba sa raba nauyi daidai. Haƙori na farko kaɗai na ɗaukar kusan kashi ɗaya bisa uku na dukkan ɗaurin, uku na farko kuma suna ɗaukar wajen kashi uku bisa huɗu. Idan na farko ya sare, nauyinsa ya koma kan na biyu, shi ma ya bi. Haka za su yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Babban abin da ke fara kashe su shi ne ɗauri fiye da kima. Fulogi mai kaurin milimita 14, wanda shi ne a yawancin motoci da injinan jirgi da na ban ruwa, kamfanonin da ke yin sa sun ƙayyade a ɗaure shi da awon da bai wuce 25 zuwa 30 ba a ma'aunin Nm. A sauƙaƙe, kamar a rataya nauyin kilo 10 ne a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 25 zuwa 30.

To amma a gareji da yawa, yaro kan zura bututun ƙarfe a sifana don ya ji daɗin ja. Idan bututun ya kai mita ɗaya, wannan kilo 10 ɗin ya ninka kusan sau huɗu a kan haƙoran. Shi yaron gani yake ya kyauta wa maigidansa, alhali ramin ya riga ya fara mutuwa.

Na biyu shi ne shigar da noti a karkace. Idan aka fara ɗaurin da sifana maimakon yatsu, mutum ba zai ji lokacin da notin ya kauce hanya ba. Sai ya yanka wa kansa sabuwar hanya a kan tsohuwar, duka biyun su lalace. Wannan ya fi faruwa da injin jirgi, domin sau da yawa a kan ruwa ake cire fulogi a goge, jirgi yana rawa, fasinja suna ƙorafi.

Na uku shi ne zafi. Alminiyum na buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke buɗewa idan sun ɗauki zafi, kuma yana ƙara laushi. Wanda ya kwance fulogi ko ya ɗaure shi inji yana huci, yana wasa ne da haƙoran a lokacin da suka fi rauni.

Na huɗu, wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba, shi ne notin da ba na wurin ba. A tiren mai sayar da notuna a kasuwa, biyu za su yi kama da juna a ido, amma tazarar haƙoransu ta bambanta. Notin milimita 10 na motocin Japan galibi tazararsa 1.25 ce, na gama-gari kuma 1.5. Akwai kuma notunan awon inci na injinan Amurka: mai kaurin 5/16 na inci kusan daidai yake da na milimita 8, zai shiga juyi biyu lafiya, a na uku ya cije. Wanda bai sani ba sai ya ƙara ƙarfi.

Shi ma fulogi yana da tsawo iri-iri. A lambobin kamfanin NGK, harafin H na nufin gindi mai tsawon milimita 12.7, harafin E kuma milimita 19. Idan aka sa dogo a gajeren rami, ƙarshensa zai leƙa cikin silinda, baƙin hayaƙi ya daskare a kansa, ranar cire shi ya fito da haƙoran ramin gaba ɗaya. Wani lokaci ma fistin ya buge shi. Idan aka sa gajere a dogon rami, hayaƙin zai toshe haƙoran ƙasa, ranar da aka kawo na asali ya ƙi shiga.

A injin jirgi akwai ƙarin abokin gaba, wato danshi. Baƙin ƙarfe da alminiyum idan suka daɗe a haɗe cikin laima, wani farin gari yakan fito tsakaninsu ya manne su. Ruwan tafki bai kai na teku ci ba, amma notin da ya yi shekaru ba a taɓa shi ba yakan fito da naman injin a jikinsa.

"A lallaɓa mu kai gida"

Wannan ita ce maganar da aka fi ji idan rami ya cinye ana tsakiyar aiki. Mai jirgi yana da lodi, manomi yana da albasar da ke jiran ruwa, direba yana da fasinja. Babu wanda ke son jin cewa sai an cire tof silinda an kai wani gari.

Dabarun lallaɓawar sanannu ne. Wani ya naɗa farin tef na masu gyaran famfo. Wani ya sa zare ko silin wayar lantarki a ramin. Wani ya yanko gwangwanin madara ya cusa. Wani kuma ya kwaɓa gam mai saurin kamawa ya shafe notin da shi.

A kan notin da ke riƙe da murfi ko wani abin da ba ya ɗaukar nauyi, irin wannan na iya kai mutum gida. A kan fulogi kuwa, gyaran gangar Abzinawa ne.

Dalili shi ne, fulogi ba toshe rami kawai yake yi ba. Ta jikinsa wutar lantarki ke komawa cikin inji, ta jikinsa kuma yake sauke zafin da ya ɗauka. Tef da gam suna shiga tsakani su hana duka biyun. Fulogin da ya kasa sauke zafi yakan yi ja har ya riƙa kunna mai kafin lokaci, kuma wannan na iya huda kan fistin. An je neman gira ke nan an rasa ido.

Haka abin yake a notin da ake zubar da baƙin mai ta ƙarƙashin mota. Idan aka lallaɓa shi ya faɗi a kan hanyar Yauri zuwa Kontagora, man zai tsiyaye cikin mintuna kaɗan, kuma kafin direba ya ankara da jar fitila inji ya buga.

A ƙafar injin jirgi ma akwai ƙananan notuna biyu na man giya. Idan ba su kama da kyau ba, ruwa na shiga, man ya koma fari kamar madara, haƙoran giyar da ke juya farfela su fara ci. Mai jirgi ba zai gani ba sai ranar da farfela ta tsaya inji yana kuka.

Yadda ake gyaran gaskiya

Makaniki mai lura yakan fara da duba girman ɓarnar. Ba kowane ramin da ya cije ne ya mutu ba. Idan haƙora biyu na sama ne kawai suka lanƙwashe, akwai ƙarfen da ake bi da shi a hankali ya miƙe su ya share datti, ba tare da ya yanke nama ba. Wasu ma kan ɗauki tsohon fulogi mai lafiya su tsaga masa layi biyu ko uku a tsaye da zarto, ya yi musu wannan aikin.

Idan ramin ya fi notin zurfi, kuma akwai haƙora masu rai a ƙasa, noti mai ɗan tsawo zai iya kamawa. Amma sai an auna zurfin, domin notin da ya taɓa ƙasan rami zai yi kamar ya ɗauru alhali bai matse komai ba. A alminiyum, ana so notin ya shiga aƙalla ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na kaurinsa.

Mataki na gaba shi ne faɗaɗa ramin a yanka sababbin haƙora da ƙarfen da ake kira taf, a sa noti mafi girma, misali daga milimita 6 zuwa 8. Wannan na aiki idan akwai isasshen nama a kewaye, kuma ana yin sa sosai a notin baƙin mai. Amma ba ya yiwuwa a fulogi, tunda girmansa ƙayyadadde ne. Kuma a jikin inji akwai hanyoyin ruwa da na mai da ke bi kusa da ramukan, wanda ya faɗaɗa ba lissafi zai iya ɓullawa cikinsu.

Gyaran da ya fi karɓuwa a duniya shi ne sa wa ramin sabuwar riga ta ƙarfe, yadda notin asali zai koma wurinsa. Iri biyu ne.

Na farko waya ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa, an naɗe ta kamar sifirin. An fi saninta da sunan Heli-Coil. An ƙirƙiro ta ne a Amurka a ƙarshen shekarun 1930, domin magance wannan matsala a injinan jiragen sama, inda ake yawan cire fulogi daga kan inji na alminiyum. Bayanta na kama sababbin haƙoran da aka yanka a ramin, cikinta kuma ya zama haƙoran da noti zai bi.

Aikin matakai huɗu ne. A huda ramin da ɗan faɗi kaɗan, misali ramin noti mai milimita 8 a kai shi kusan 8.4. A yanka haƙora da taf na musamman da ke zuwa tare da kayan, domin taf na gama-gari ba ya yi. A murza wayar ta shiga har ta ɗan nutse ƙasa da bakin ramin. Sannan a karye ɗan ƙugiyar da ke ƙasanta a fitar da shi.

Wurin da aka fi kuskure shi ne huda. Idan injin huda ya karkace ko da kaɗan, notin zai zauna a karkace har abada, kuma gasket ba zai taɓa kwanciya daidai ba. Shi ya sa masu aikin tsanaki ke ɗora kayan a kan injin huda na tsaye, ko su sa wani ƙarfe mai miƙaƙƙen rami ya yi musu jagora.

Iri na biyu ɗan bututu ne na ƙarfe mai haƙora ciki da waje. Wanda ya fi suna shi ne Time-Sert, wanda ke da baki a sama da ke hana shi nutsewa, kuma ƙasansa na buɗewa ya cije idan an ɗaure shi. Ga wurin da ake yawan kwancewa, kamar fulogi da notin baƙin mai, makanikai da yawa sun fi yarda da wannan, saboda waya takan biyo fulogi ta fito idan ba a sa ta da kyau ba. Masu injin sassaƙa ƙarfe a manyan garuruwa sukan ƙera irin wannan bututu da kansu. Yana aiki idan awon ya yi daidai kuma an kulle shi sosai, in ba haka ba shi ma zai biyo fulogin.

Abin mamaki shi ne, ramin da aka yi wa riga da kyau yakan fi na asali ƙarfi. Noti yanzu a kan ƙarfe mai tauri yake gogawa, nauyin kuma ya bazu a kan alminiyum mai faɗi fiye da na da.

Akwai tambayar da ke raba makanikai: a cire tof silinda ko a yi aikin a kan inji? Haɗarin yin sa a kan inji shi ne ɓarɓashin ƙarfe da zai zuba cikin silinda. Masu yin haka sukan cika ramukan taf da giris don ya kama ɓarɓashin, su riƙa fito da shi suna gogewa bayan kowane juyi biyu ko uku, sannan su busa iska su kuma juya injin babu fulogi kafin su tayar. A mota, inda cire tof aiki ne na yini guda da sabon gasket, ana iya fahimtar wannan. A injin jirgi da ƙaramin injin ban ruwa kuwa, 'yan notuna ne ke riƙe da kan, don haka cire shi ya fi kwanciyar hankali.

Idan ramin ya fashe ko ya yi faɗin da riga ba za ta kama ba, saura walda: a cike shi da alminiyum, a sake hudawa. Wannan sai mai waldar alminiyum na gaske, kuma zafin yakan lanƙwasa tof ɗin, dole a kai shi a daidaita fuskarsa kafin a mayar. Daga nan sai sayen wani.

Ba kullum laifin makaniki ba ne

Akwai injinan da suka zo da wannan rauni tun daga masana'anta. Misalin da ya shafi 'yan Najeriya kai-tsaye shi ne injin Toyota mai lamba 2AZ-FE, mai lita 2.4, wanda ke cikin Camry ta 2002 zuwa 2006, wadda ake kira Big Daddy, da wasu RAV4 da Highlander na wannan zamani.

A wasu daga cikinsu, haƙoran da ke riƙe da notunan tof silinda ta bayan inji sukan saki daga jikin bulok ɗin alminiyum. Alamar ita ce ruwa ya riƙa raguwa a lagireto, ana ganin jiƙa ta bayan inji, mota tana zafi. A 2011 kamfanin ya fitar wa garejinsa sanarwar gyara, inda ya ba da umarnin a sa irin wancan bututun ƙarfe a ramukan.

Sanin wannan na da amfani, domin mai irin wannan mota zai iya sauya gasket sau biyu ko uku, yana zargin makaniki ko yana cewa an sayar masa da jabu, alhali notunan ne ba su da abin kamawa. Duk gasket ɗin da aka sa a kan ramin da ya mutu, kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Ko wajen mayar da notunan tof akwai tarko. Idan mai ko ruwa ya taru a ƙasan ramin ba a tsane shi ba, notin zai matse shi, kuma tunda ruwa ba ya matsuwa, sai ya tsaga bulok ɗin ko ya tura haƙoran.

Lissafin aljihu

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da faɗuwar darajar naira daga kusan 460 a kan dala zuwa fiye da 1,500 a 2024, duk kayan gyaran da ake shigowa da su sun yi tsada. Tof silinda na Belgium da a da ake saya ba tare da dogon tunani ba, yanzu sai an yi shawara. Kuma mai inji a Wara ko Shanga sai ya aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ya jira, jirgi yana ɗaure ba ya kawo ko sisi.

Wannan ne ya sa gyaran rami ya fi da muhimmanci a yanzu. Akwatin kayan sa riga na girma ɗaya ya ƙunshi bakin huda, taf, abin murzawa da 'yan riguna, kuma taf ɗin zai yi ramuka masu yawa kafin ya dakushe. Girma huɗu ko biyar, wato milimita 6, 8, 10 da na fulogi mai 14, sun isa su rufe mafi yawan abin da ake kawowa garejin bakin ruwa. Abu ne da makaniki ɗaya zai iya mallaka, ko ƙungiyar masu jirage ta saya ta ajiye a tasha.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta daɗe tana nanata dokar sa rigar kariya, da hana lodi fiye da kima, da hana tafiyar dare. Waɗannan ana ganinsu da ido a bakin ruwa. Fulogin da aka naɗe da tef kuwa yana ƙarƙashin murfi, daga mai jirgi sai makanikinsa suka san da shi.

Abin da mai inji zai kiyaye

Yawancin ramukan da suka mutu, da an bi wasu 'yan ƙa'idoji da ba su mutu ba.

A bar inji ya huce kafin a taɓa fulogi. A share ƙasa da yashi daga bakin ramin kafin a cire shi. Wajen mayarwa, a fara da yatsu, ya shiga juyi da yawa ba tare da gardama ba. Idan ya cije tun a farko, a dawo da shi baya a sake, kada a ɗauko sifana.

Idan babu sifanar awo, akwai ƙa'idar da masu yin fulogi suka bayar. Sabon fulogi mai washa, bayan ya zauna da hannu, a ƙara masa kusan rabin juyi. Wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa, washarsa ta riga ta kwanta, don haka ɗan motsi kaɗan ya isa, bai kai rubu'in juyi ba.

Wajen sayen noti, a tafi da tsohon a haɗa haƙoransu a ga sun shiga juna daidai. Wajen sayen fulogi, a duba lamba, kada a tsaya a kan kama. Notunan injin jirgi da ke shan ruwa kuma, a riƙa kwance su lokaci-lokaci ana shafa musu giris kafin su manne.

Idan kuma makaniki ya ce rami ya cinye, mai inji na da haƙƙin ya tambaya: me za a sa a ciki, kuma notin asali ne zai koma? Idan amsar ta ƙunshi tef, gam ko waya, to a san cewa an sayi lokaci ne kawai, kuma a kan fulogi ko notin mai, lokacin ba shi da yawa.

Masu koyar da yara sana'a su ma suna da nasu rabon. Yaron da ya cinye rami yakan ɓoye ne saboda tsoron faɗan maigida, ya lallaɓa notin ya yi shiru. Garejin da yaro zai iya zuwa ya ce wa maigidansa noti ya saki a hannunsa, ba tare da ya sha mari ba, shi ne garejin da za a gyara ramin tun inji yana ƙasa, kafin a rataya shi a bayan jirgi a ɗebi mutane a nufi ƙetaren tafki.